Kwamfuta Biyu a Tsakar Gidan Gwaggo

Shekarun da nake aikin malamar gona, ofishinmu yana Birnin Kebbi, amma rabin rayuwata a kan hanyar Argungu na yi ta. Jiharmu tana da ƙuruciya a lokacin, gidajen Gesse ma ba su gama cika ba. Aikina shi ne shiga gidajen da abokan aikina maza ba su da damar shiga, in zauna da mata mu yi maganar shinkafa da albasa. Ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. Zaman kujera ciwon baya yake sa mini da baƙin rai.

A wata damina aka kawo mana sabuwar tukunyar gumi. Gumi shi ne dafa shinkafa da ɓawonta kafin a shanya a casa, kuma da shi matan fadama suke cin abinci. Sabuwar tukunyar tana da faranti mai huji-huji a ciki, ruwa yana ƙasa, shinkafa tana sama, tururi ne kawai yake dafa ta. Ba ta kamawa, ba ta kakkaryewa wajen casa. Na yi ta yawo da bayani da baki ƙauye-ƙauye, mata su saurare ni, su ba ni fura, su raka ni har zaure, su koma kan tsohuwar tukunyarsu. Daga baya ogana ya kira ni, ya gaya mini cikin mutunci cewa idan kaka ta zo babu ƙungiyar mata ko ɗaya da ta karɓi tukunyar, za a rufe sashen mata, ni kuma a mai da ni tebur ina karɓar wasiƙu. Na ce masa na ji. A zuciyata kuwa na ce tebur ɗin zai daɗe yana jirana.

Na san inda ƙofar take. A Gulma akwai yayar mahaifina, Gwaggo, wadda duk matan unguwarsu ba sa canja ko muciya sai ta ɗaga kai. A hannunta na yi ƙuruciya kafin mahaifina ya ɗauke ni ya sa ni makaranta a Argungu, kuma ba ta taɓa yafe wannan ɗaukewar ba. Idan na je gaishe ta takan amsa, ta tambayi yara, ta sa a kawo mini tuwo. Amma da na buɗe baki kan aiki sai ta juya fuska. An sha kawo mini maganarta, wai 'yar boko ta zo koya wa masu gumi gumi. Ba ta taɓa zama a taron da na kira ba, kuma duk taron da ba ta zauna ba hira ce kawai.

Sai na ga baki ya gaza, ido ya kamata ya gani. Ni da wata abokiyar aikina muka ɗauki ɗan gajeren majigi na yadda ake gumi da sabuwar tukunyar, tun daga wanki har shanya. Saura abin nunawa. Kwamfutar ofis ƙatuwa ce, ba ta fita ko baranda. Lokacin ƙananan laftof sun fara shigowa gari, na kwashi adashina na nufi shagon wani mai sayar da su, ni da ban taɓa mallakar abin da ya wuce rediyo ba.

Guda biyu ya ajiye mini a kan tebur. Ɗaya baƙa ce, mai ɗan faɗi, tana da wurin sa faifai, muryarta tana tashi, kuma kana taɓa ta take amsawa. Ɗayar fara ce, 'yar mitsitsiya, ba ta fi littafin firamare ba. Ba ta cin faifai, tana da nawa wajen tashi, amma ya ce batirinta yana wuni. Kuɗin da ke hannuna na guda ɗaya ne. Na juya wannan, na juya waccan, na kasa zaɓa. Mai shagon ɗan gidan 'yan atamfa ne, ya saba a ɗauki kaya a shiga da su cikin gida a gani. Ya zuba majigina a cikin duka biyun, ya sa su a kwali, ya ce, “Hajiya, tahi da su gida a gani. Wadda ranki ya kwanta da ita ki riƙe, ki maido min ɗayar.”

A gida, a Badariya, Malam mijina bai ɓata lokaci ba. Malamin sakandare ne, kuma yana da tarin faifan tafsiri da na kokawa da ba shi da wurin kallonsu tun da na'urarmu ta ƙone. Bayan la'asar ya zauna da baƙar a kan tabarma, ya sa faifai, ya miƙe ƙafa. Farar kuwa ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya tambaye ni ko uwarta ta san an rabo ta da gida. Ya yi mini lissafin dalilai masu kyau: baƙar za ta yi aikin ofis, za ta yi na gida, yara za su koya a kanta, kuma mata da yawa za su iya kallo lokaci ɗaya. Gaskiya ya faɗa, har na kusa yarda. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk dalilan nan a ɗaki mai wuta aka yi su, wayar caji tana jone a bango. Na ce masa mai shago ya ce a kai gida a gani, ni kuwa gidan da za a gani yana Gulma. Ya ce ai shi ke nan, ya san idan na ɗaure fuska haka ko alƙali sai ya ɗage zama.

Na yi musu caji har suka cika, na naɗe kowace a zani, na shiga motar Argungu, daga nan na hau kabu-kabu. Baƙar ta fara ba ni labarinta tun a hanya, don kafaɗata ta gaya mini. Da gangan na aika cewa a tsakar gidan Gwaggo za a yi taron, ƙarƙashin darbejiyar da ke kusa da ɗakinta. Idan ba za ta fito ba, to kunnenta zai ji.

Da baƙar na fara, don a yi wa Malam adalci. Na ɗora ta a kan turmi da aka kifa, matan da suka riga zuwa suka matso. Hoton ya fito tas, murya ta cika gida, na ji daɗi har na fara tsara yadda zan ba farar haƙuri. Sai dai na manta da yadda taron mata yake a wajenmu, ni da na girma a cikinsa. Ba a zuwa lokaci ɗaya. Wannan sai ta sauke tukunya, waccan sai ta aika abinci gona. Kuma duk wadda ta shigo, in ta girmi waɗanda ke zaune, ba a barinta ta tarar da abu daga tsakiya. Raini ne. Sai a tsaya a gaisa, a tambayi gida da gajiya da ruwa, sannan wata ta ce, “Malama, maido hwarko, Inna ba ta gani ba.” Na maido farko. Wata ta shigo, na sake maidowa. Ban ƙirga ba, amma har na haddace tarin da abokiyar aikina ta yi a farkon majigin.

Duk wannan lokaci labulen Gwaggo bai motsa ba. Rana ta take, inuwar darbejiya ta tsuke. Sai ga ta ta fito da buta a hannu za ta yi alwalar azahar, tana tafiya a hankali, ba ta ko dubi inda muke ba. Matan suka gaishe ta, babbar cikinsu ta ce a maido farko Gwaggo ta gani. Gwaggo ta tsaya. Ba ta zauna ba, amma ta tsaya, kuma wannan shi ne abin da na yi shekaru ina nema. Na kai hannu, baƙar ta yi ɗan ƙara, fuskarta ta ɗauke ɗif, caji ya ƙare.

“An ƙare ke nan?” in ji Gwaggo.

Haushin da na ji ya fi tsoro yawa. Na ce, “Ba a ƙare ba, Gwaggo. Akwai ƙanwarta.”

Na warware farar, na danna. Ita kuma ta ɗauki nawarta, kamar amaryar da ake jira a mota. Don kada Gwaggo ta wuce, na durƙusa na shiga gaishe ta sabuwa. Na tambayi gwiwarta, na tambayi idonta, na tambayi akuyarta da ta haihu, na tambayi mutanen da na san sun rasu ma don ta gyara mini. Tana amsawa guntu-guntu, tana kallona, ta san sarai abin da nake yi.

Da hoton ya fito sai wata matsala ta taso. A kan turmi ba a ganin komai, ya yi ƙanƙanta, idon Gwaggo kuma ya yi rauni. Wata amarya ta jawo mata kujera 'yar tsuguno, Gwaggo ta zauna. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki kwamfutar na ɗora mata a cinya. Ta ɗan janye jiki, sannan ta ajiye butar, ta sa hannu biyu ta ɗaga ta kusa da fuskarta. Da baƙar ce da ba ta iya ɗagawa ba. Matan suka zagaye ta suna leƙe ta kafaɗa.

Ta kalli wankin, ta kalli yadda ake kwashe ƙaiƙayin da ya taso, ta kalli farantin ana sa shi a tukunya. Fuskarta ba ta nuna komai ba. A majigin ba a ganin mai aikin, daga gwiwar hannu zuwa tukunya kawai aka ɗauka, don na ƙi a ɗauki fuskata, kuma ban gaya wa kowa ni ce ba. Da aka zo wurin duba nuna, hannun ya ɗebi 'yan ƙwayoyi, ya murza su da bayan babban yatsa a tsakiyar tafi, ya karkata tafin ya hura. Gwaggo ta ce in tsai da shi. Na tsayar.

Ta daɗe tana duban hoton. Sannan ta sauke kwamfutar a cinya, ta kamo hannuna na dama, ta juya shi, ta dubi tafin.

“Wanga hannun gidanmu na,” ta ce. “Ni na koya mai wagga murza. Ashe ba ki yar ba.”

 Shekara da shekaru ina ɗauka ta cire ni daga cikinsu, ashe ita ma tana ɗauka ni na cire kaina. Ta juya ga matan ba tare da ta saki hannuna ba, ta ce ranar Alhamis kowa ta kawo kwanon shinkafa, ɗiyarta za ta zo da tukunyar a gwada a nan gidan, ita da kanta za ta hura wutar. Daga nan ta miƙa wa ta kusa da ita kwamfutar, aka shiga karɓa hannu-hannu, ita kuma ta ɗauki butarta.

Na duƙa ina naɗe baƙar a zaninta, na daɗe ina gyara ƙullin, don kada matan su ga idona.