Labarin Garin da Nake Kai wa Auta

A shekarun da nake jan bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ƙanena yana buga takardu a wani shago kusa da tashar Birnin Kudu. Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ya wuce firamare a ɗakinmu. Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba a lokacin, kowa yana neman aiki, kowa yana son a buga masa takarda. Shi ya sa wani Alhaji ya sayo kwamfuta daga Kano ya zaunar da Auta a gabanta.

Idan na sauke fasinja ina jiran layi ya zo kaina, a shagon nake zama. A nan na fara ganin wasan. Duk lokacin da aiki ya lafa sai ya buɗe shi, ƙasa ta bayyana, an yanka ta gida-gida kamar ramukan dara, ga ruwa, ga daji, ga tudu. Jirgin ruwa ne yake kawo maka mutane kaɗan, ka nemi wuri ka kafa gari, ka yi noma, ka sari itace, ka haƙo ƙarfe, ka ƙera bindiga. Akwai wasu sarakuna a gefe da kwamfuta take motsa musu mutanensu. Kai in ka gama naka motsin, ka danna wani maɓalli a ƙasa, sai su ma su yi nasu. In ba ka danna ba babu abin da zai motsa, ko da za ka je Kano ka dawo.

"Auta, da girmanka kake wasan yara?" Haka na ce masa ranar farko.

Ya ce, "Yaya, jawo kujera. Kai da ka iya lodin mutum goma a kujerar mutum huɗu, ai gari ba zai gagare ka ba."

Rubutun duk da Turanci ne, ni kuwa da hoto nake ganewa. A hankali na san rumbu, na san maƙera, na san mai doki da mai tafiya a ƙasa. Auta yana da babban gari guda a bakin kogi, da ƙananan ƙauyuka a bayansa, ya yi wata da watanni yana gina su. Mutanensa masu shuɗi ne. A gabas akwai masu ja, a arewa masu ruwan ɗorawa.

Farkon damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Muka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu Kano, aka ce ƙoda ce. Mun yi abin da za mu iya, daga baya muka dawo da shi Gwaram ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Kwamfutar ta Alhaji ce, babba ce mai akwati, ba abin ɗauka ba. Alhaji ya ɗauki wani malami ya riƙe aikin kafin Auta ya tashi.

A wurinmu in an zo dubiya magana ɗaya ce. A ce, "Ya jiki?" marar lafiya ya ce, "Da sauƙi." Ko da jiya ya fi yau, haka zai faɗa, kuma haka mu masu jinya muke faɗa a madadinsa in ya kasa. Mutane sun yi masa kara, sun zo daga Maruta, sun zo daga Basirka inda dangin Inna suke, abokan karatunsa ma sun zo. Kowa ya tambaya, kowa ya ji amsar da ya zo ji, aka yi addu'a aka tashi. In an watse sai ya juya fuskarsa bango. Ya daina hira, abincin da Inna ta kawo kuma haka ake mayar da shi.

Wata rana da la'asar, don kawai in ji muryarsa, na ce masa na leƙa shago, garinsa yana nan yadda ya bar shi.

Ya juyo. "Ka danna?"

"Ban taɓa komai ba."

"To ai ba labari ke nan. Gobe ka danna. Amma kafin ka danna, ka bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya ka duba rumbu. Garin da hatsinsa yake raguwa, ka cire mutum daga maƙera ka mayar da shi gona. Yunwa ta fi masu ja saurin cin gari."

Ya yi maganar da bai yi irinta ba tun dawowarmu daga Kano. Inna tana bakin ƙofa tana ji. Da ya gama ta miƙo fura, ya karɓa ya sha ba tare da an lallashe shi ba. Da na fito ta biyo ni tsakar gida ta ce, "Ko me kuke magana a kai, ka riƙa kawo masa."

Daga ranar na shiga aikin da ban san kansa ba. Da hantsi in na iso Birnin Kudu, in akwai wuta kuma babu mai jiran a buga masa takarda, malamin shagon sai ya buɗe mini wasan ya matsa gefe. In rubutu ya fito sai ya karanta ya faɗa mini da Hausa. Hannuna da ya saba da sitiyari bai iya riƙon linzamin kwamfuta ba, sai in nufi gona in danna kogi. In yi motsi kaɗan, in danna maɓallin, in zuba ido in ga abin da sarakunan nan za su yi. Da yamma in kai wa Auta abin da na gani, shi kuma ya ba ni na gobe.

Har yau ina riƙe da abin da ya koya mini, ko da yake ba ni da inda zan yi amfani da shi. Ya ce kada in kafa sabon gari sai na tabbata ina da wanda zai tsare shi, don garin da ba shi da mai gadi kyauta na gina wa wani. Ya ce in haɗa ƙauyukan da babban gari da hanya, saboda soja ya iya zuwa ɗauki kafin a gama da su. Kada in tsayar da soja a fili, in hau da shi tudu ko in sa shi cikin daji, in bar abokan gaba su zo su same ni. Wanda ya ji rauni in mayar da shi gari ya warke, domin tsohon soja ya fi sabo. Sannan kada in yarda in yi faɗa da maƙwabta biyu a lokaci guda. In ɗaya ya taso, in kai wa ɗayan kyauta ko ba na son sa.

Wata rana sarkin masu ja ya aiko yana roƙon a bar mutanensa su ratsa ƙasarmu su wuce. Malamin shagon ya karanta mini, ya ce me za a amsa. Na ce a bar su mana, wa yake tare wa mutum hanya? Ko shanu ma ana bar musu burtali. Da na faɗa wa Auta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta shigo da gudu.

"Yaya, ka ba su masauki ma? Ka kai musu ruwan alwala?"

"Sun ce wucewa za su yi."

"Za su wuce, amma sai sun ƙirga maka sojoji." Ya goge idonsa. "Bar shi. Ko ka hana su za su zo, tun ina shagon suke shiri. Yanzu ka bar kasuwar da kake ginawa, ka sa kowa a ganuwa."

Suka zo kuwa. Sun fara da ƙauyen da ya fi nisa, suka cinye shi a dannawa guda. Da yamma da ya tambaye ni, bakina ya riga ni, na ce, "Da sauƙi."

Ya dube ni. Fuskarsa ta kumbura a lokacin, idanun sun shige. Ya ce, "Yaya, ba dubiyar garin ka je ba. Duk wanda ya shigo ɗakin nan abin da yake ji ke nan, ni ma shi nake faɗa. Kai faɗa mini abin da ka gani."

Na faɗa masa. Ya tambayi masu doki nawa, ta ina suka ɓullo, sun zo da igwa ko ba su zo da ita ba. Ya sa na tayar da shi na jingina shi da bango, yana zana mini da yatsa a kan tabarma inda zan tsayar da kowa. Ranar ya ci tuwo.

A nan ne na gane inda na tsaya. In na bar maɓallin, garin zai zauna lafiya har abada, amma zan shiga ɗakin Inna hannu rabbana, Auta ya koma kallon bango. In na danna, zan sami abin faɗa, masu ja kuma za su ƙara matsowa. Na gwada rage tafiya, in yi dannawa ɗaya tak a wuni, in ja labarinta da tsawo. Ya gane. Ya ce in haka zan yi gara in bari gaba ɗaya. Akwai ranakun da ba wuta a Birnin Kudu, ko ruwa ya cika hanya ban samu isa da wuri ba, sai in ji wani sanyi a raina cewa yau ba za a ci mini komai ba. Sanyin ba ya wuce ƙofar gida, don a irin ranakun ba ya cin abinci.

Na yi duk abin da ya ce. Na gina ganuwa, na hau da masu bindiga tudu, na aika wa masu ruwan ɗorawa da kyauta, suka karɓa suka zauna suna kallo. Amma shawarar tana zuwa da yamma, masu ja kuwa da hantsi suke abinsu. Abin da shi zai gani da ido ɗaya ya gyara, ni sai an gama ɓarna nake lura. Ƙauyukan suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Shawarar ma ta fara gajarta, don numfashi ba ya isarsa. Wani lokaci yakan fara, "Ka ɗauke masu dokin nan ka…" sai barci ya ɗauke shi, in zauna ina jiran sauran.

Malamin shagon ya tausaya mini. Ya ce ya duba ya ga akwai inda Auta ya ajiye wasan tun da daɗewa, za a iya komawa can a sake, kamar ba a yi yaƙin ba. Na ɗauki wannan da murna na kai Gwaram. Auta ya girgiza kai a kan matashi. Ya ce shi bai taɓa komawa baya ba tun da ya fara, waccan ajiyar don ɗaukewar wuta ce kawai. Ya ce in an koma, duk abin da muka yi ni da shi a ɗakin nan ya tashi a banza. Ban ja da shi ba.

Babban garin ya faɗi wata Talata kafin azahar. Sun zagaye shi, igwa ta rushe ganuwar, na danna na ga tutarmu ta koma ja. Wani dogon rubutu ya fito, malamin ya buɗe baki zai karanta, na ce ya bari. Na fita na yi lodi. Duk hanya ina tunanin in ce masa ba wuta, ko in ce muna nan muna riƙe. Wata mata ta ce in tsaya ta sauka, sai da yaron mota ya buga jikin bas ɗin sannan na ji.

Na tarar da baƙi a ɗakin, na jira suka shafa addu'a suka fita. Bai iya juyowa ba, ni na zagaya inda fuskarsa take na durƙusa.

"Auta, sun ci garin."

Ya lumshe ido, ya buɗe. "Ta tudu?"

"Ta bakin kogi."

"Ni ma ta nan zan shiga." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ka daɗe da su, Yaya. Ban zaci za ka kai haka ba."

Na ce gobe zan sa malamin ya buɗe mana sabo, mu fara tun daga jirgin ruwa, ya gaya mini inda zan sauka. Na ce wannan karon ba zan ba kowa hanya ba. Ya ɗan motsa leɓensa kamar zai yi murmushi.

"Farawa tana da tsawo," ya ce. "Kafin gari ya zama gari ana daɗewa. Bar shi."

Na sake roƙonsa washegari, ya sake cewa in bari. Bayan haka na riƙa zuwa da labarin tasha, wanda ya yi faɗa da wane, motar da ta maƙale a laka a hanyar Kiyako. Yana saurare da ido a rufe don kada in ji kunya, amma ba ya tambayar komai. Inna ta daina biyo ni tsakar gida. Na bar wa wani direba motar, na zauna ina taya ta juya shi da ɗaga masa kai, har Allah ya karɓi abinsa ana cikin yankan gero.