Musbahu Mai Wayit da Hanyar Bayan Duwatsu

A shekarar 1977 Musbahu ya sauka Jidda da niyyar aikin Hajji, yana saurayi ɗan Gumel wanda bai taɓa ganin teku ba. Ya sauke farali, abokan tafiyarsa suka koma gida, shi ya tsaya da cewa shekara guda kawai zai yi. Ya samu wurin kwana a unguwar Karantina tare da wasu 'yan Haɗeja, ya shiga leburanci, don a lokacin duk inda ka duba a garin siminti ake kwaɓawa. A wurin gini ya saba da wani dattijo ɗan Yaman mai kawo musu ruwa a babbar motar tanki, irin wadda mutanen Jidda ke kira wayit. Dattijon ya lura Musbahu ba shi da ƙyuya, ya ɗauke shi yana riƙe masa tiyo, sannu a hankali ya sakar masa sitiyari. Kafin ya koma ƙasarsu ya kai shi gaban mai motar ya yabe shi, mutumin ya zama kafilinsa, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. Tun daga nan sunan Mai Wayit ya bi shi.

Ya auri Mastura, 'yar wani tela a Karantina. Ita a Jidda aka haife ta, kakanta ne ya taso daga Katsina a ƙafa ta hanyar Sudan. Hausarta rabi Larabci ce, kuma tana da baki. Ita ta gyara wa Musbahu Larabcinsa, shi kuwa tun da wuri ya haƙura da gyara mata Hausa. Suka haifi Othman da Zakiya, daga baya suka koma haya a unguwar Madain Fahd.

Gabas da gari, inda kwalta ke ƙarewa, akwai wata hanyar ƙasa da ke ratsa tsakanin baƙaƙen duwatsu ta gangara cikin wani kwari mai faɗi. A kwarin akwai garaken raƙuma da tumaki na mutanen gari, masu kiwon kuma galibi 'yan Sudan ne da 'yan Nijar. Sauran direbobin wayit ba sa son zuwa can saboda hanyar na cin taya. Musbahu ya karɓi wannan layi, ya riƙe shi shekara da shekaru. Filin na hukuma ne, kowa na bi, babu mai gyarawa. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yake su ne hutun mako a can, samarin Jidda kan cika wurin da motocinsu masu shiga yashi, su wuce can gaba su kafa tanti, su dawo su bar hanyar da ramuka.

Musbahu bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Shebur da diga ba sa rabuwa da bayan kujerarsa. In ya ga dutse ya mirgino sai ya tsaya ya kawar, in ya ga rami ya fara zurfi sai ya sauka ya cike. Yakan iso gida rigarsa ta yi jajur da ƙasa, Mastura ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, “Ya Abu Othman, baladiyya, hukumar gari, ce ta ɗauke ka aiki ban sani ba?”

Sai ya ce, “Hanyata ce, Hajiya. In ban gyara ba ni zan sha wuyarta gobe.”

“Halas, shi ke nan, to gobe hanyar ta wanke maka riga.”

Duk tsawon zamansu ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ita 'yar cikin gari ce, ta ce ba ta ga abin da za ta je nema a cikin duwatsu ba.

A ƙarshen shekarar 2009, ranar Laraba da alhazai ke fita Mina, aka tashi da ruwan sama irin wanda tsofaffin Jidda suka ce ba su taɓa gani ba. Kafin azahar ruwa ya sauko daga duwatsun gabas ya shiga unguwanni yana tafiya da motoci da bangon gidaje. A gidan Musbahu ya kai gwiwa, suka hau wurin maƙwabcinsu na sama, suka tsira da ransu. Wasu da suka sani ba su tsira ba. Sallar layya ta wannan shekara a gidajen gaisuwa aka yi ta. Wayit ɗin da yake tuƙawa kuwa an same ta kife, tankin ya tsage. Kafilinsa ya ce ya yi haƙuri ya jira har a ga abin da Allah zai yi.

Musbahu ya zauna gida. A lokacin ya haye hamsin da 'yan kai, kuma bai saba wuni a ɗaki ba. Ya gama kwashe taɓon gidansu da na maƙwabta, ya rasa abin yi, ya rage cin abinci, ya rage magana. Mastura ta yi ta tsokanarsa, ko murmushi ba ya yi.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mahmudu ne, wani makiyayi ɗan Tawa ta Nijar da ya daɗe a kwarin, abokin shan shayinsa.

“Alhaji, kuna lafiya? Mun ji abin da ya samu gari.”

“Mun gode Allah. Ku fa?”

“Muna nan da rai. Amma hanya ta tafi, Alhaji. Ruwa ya yanke ta, ya haƙa wani kwazazzabo a tsakiya wanda ko raƙumi ba ya ƙetarewa. Ruwan da ya kwanta ya fara wari, sha'irin dabbobi ya kusa ƙarewa. A ƙafa muke zagayawa ta kan dutse mu ɗauko jarka.”

Washegari da sassafe Musbahu ya ɗauki shebur da diga ya ce wa Othman ya kai shi ƙarshen kwalta. Othman a lokacin ya zama magidanci, yana da shagon gyaran waya a unguwar Waziriyya. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Da suka isa ya leƙa ya ga yadda ruwa ya yi da wurin, duwatsu manya sun tare hanya, ga motoci a cushe cikin yashi, ga katifu da firji da tayoyi da ruwa ya kwaso daga gidajen mutane. Ya ce wa mahaifinsa, “Yaba, wannan aikin katafila ne.”

“Na sani. Ka dawo ka ɗauke ni bayan la'asar.”

Ya fara daga bakin hanya, yana mirgina abin da zai iya mirginawa, yana jera ƙananan duwatsu a ramuka. Haka ya yi ta zuwa shi kaɗai har ranar Alhamis ta zagayo. Ranar da hantsi wasu motoci masu shiga yashi suka iso suka tsaya. Wani mutum mai gajeren gemu ya fito daga ta gaba. Sunansa Hamad, malamin makaranta ne ɗan ƙasa, shi ne jagoran wasu abokai masu sha'awar tuƙi a daji. Tun ranar ambaliyar suke yawo a unguwannin gabas suna jawo motocin mutane daga taɓo, yau kuma suka zo duba ko hanyarsu ta shaƙatawa tana nan. Ya tsaya yana kallon dattijon da ke ɗauke da dutse a ƙirji.

Ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, “Ya Ammi, wa ya sa ka wannan aiki?”

“Ba kowa.”

“Har ina kake son kaiwa?”

“Har kwari. Akwai mutane a can, da dabbobi.”

Hamad ya yi shekaru yana wucewa ta gaban garaken nan da gudu, bai taɓa tunanin ta ina ruwan shansu ke zuwa ba, ya faɗa wa Musbahu haka daga baya. Ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya juya ya ce wa abokansa, “Yalla, ku fito da sarƙoƙi.”

Daga ranar aiki ya sake kama. Hamad ya je ya sanar da baladiyya, aka ce masa manyan injuna duk suna cikin unguwanni, amma babu laifi su yi abin da za su iya. Kowace Alhamis da Juma'a suna taruwa, wani ya kawo abokinsa, wani ya kawo ƙaninsa. Suna ɗaura sarƙa a manyan duwatsu mota ta ja, suna tara tarkacen da ruwa ya zubar a gefe guda don a kwashe. Masu ƙarfin mota suka gano wata doguwar zagayawa ta cikin yashi, suna kai jarkokin ruwa da buhunan sha'ir har inda raƙuman su Mahmudu za su iya tarye su. Kwazazzabon ne ya fi ba su wuya. Suka yi ta zuba duwatsu suna ɗaure su da ragar waya, makiyaya na yi daga wancan gefe, su suna yi daga wannan, ana miƙa wa juna shayi a kan sanda.

Wata rana suna tonon yashi suka ci karo da ƙofar gida, shuɗiya, ta ƙarfe, har da makulli a jikinta, an liƙa mata hoton wata 'yar kyanwa daidai tsayin ƙaramin yaro. Wani ya ce a jefa ta kan tarkace. Musbahu ya ce a'a. Ya goge ta da hannun rigarsa, shi da Hamad suka ɗauke ta suka jingina a jikin dutse a bakin hanya, inda mai wucewa zai gani. Suka yi wa masu ita addu'a, ko suna raye ko sun riga mu gidan gaskiya, sannan suka koma aiki.

A gida Mastura ta ga mijinta ya dawo da cin abinci, har yana neman ƙari. Ranar wata Juma'a ta tashi ta kwaɓa ƙullun masa ta soya tuli guda, ta yi miyar taushe, ta cika kula, ta ce wa Othman ya kai musu. Othman ya tafi da niyyar ajiyewa ya juyo, bai dawo ba sai magariba, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Samarin Hamad da ba su taɓa cin masa ba suka riƙa aiko da gaisuwa ga Khala Mastura, wato inna Mastura, suna tambayar ko za a sake.

Da aka sa ranar da mota za ta fara ƙetare kwazazzabon, Mastura ta ce za ta je. Musbahu ya ce gwiwoyinta ba za su jure girgizar hanya ba.

Ta ce, “Shekara talatin ina wanke ƙasar wurin nan. Bari in ga inda take fitowa.”

Hamad ya sa ta a motarsa tare da Zakiya, Musbahu na gaba. Suka hau kan cikon a hankali, duwatsu na ƙara a ƙarƙashin taya, Mastura ta runtse ido tana salati har suka haye. A wancan gefe makiyaya sun yi layi suna jira. Mahmudu ya rungume Musbahu, ya juya ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, “Hajiya, zo ki zauna a inuwar mijinki.”

Ba ta gane ba sai da ya nuna mata. A gefen garken akwai bishiyoyin darbejiya guda uku, manya, da kututturan wasu da ruwa ya karya. Mahmudu ya ce Musbahu ne ya shuka su tun zuwansa na farko, kuma duk ranar da ya sauke ruwa sai ya juye musu ɗan abin da ya rage a gindin tanki. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ta zauna ta daɗe tana kallon ganyen, sannan ta dubi mijinta.

“Ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Ai ba wani abu ba ne. A ƙofar gidanmu a Gumel akwai irinta.”

Ta matsa ta ba shi wuri a kan tabarmar. Suka zauna nan har aka kira la'asar, samari na ta kai da kawo da motocinsu a kan sabuwar hanyar suna danna ham.

Kafilinsa ya sayi wata wayit, Musbahu ya koma layinsa. Da ruwa ya sake sauka a farkon 2011 ya ɓata wani sashe na hanyar, ba wanda ya kira wani, ranar Alhamis kowa ya bayyana da kayan aikinsa. A wannan karon ciwon baya ya hana Musbahu ɗaukar dutse, sai aka ba shi kujera da butar shayi, yana nuna inda za a zuba. Abokan Hamad suka ɗauki al'adar fita da buhunan shara duk lokacin da suka je kwana a daji, suka kuma daina gudu a gaban garake.

A 2012 idonsa na dama ya yi yana, aka yi masa aiki, likita ya ce ya haƙura da babbar mota. Ya miƙa makulli ba tare da gardama ba. Ya koma zama a shagon Othman a Waziriyya, yana karɓar wayoyin mutane yana ba su haƙuri in gyara ya yi jinkiri. Amma duk Alhamis bayan azahar motar Hamad kan tsaya a ƙofar gidansu a Madain Fahd. Musbahu ya fito da tabarau baƙi da sandarsa, Hamad ya buɗe masa gaba. Mastura ta leƙo ta taga ta ce, “Ya Hamad, kada ka bar shi ya taɓa komai.”

“In sha Allahu, Khala.”

“Kuma ku ce wa Mahmudu nonon raƙumin da ya aiko wancan mako ya yi tsami a hanya. Ya sa shi a ƙanƙara.”

Musbahu ya ɗaga mata hannu, Hamad ya tayar da mota suka nufi gabas.