Tatsuniyar da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Ina ɗan shekara bakwai muka bar Kano zuwa Madina, inda Baba ya sami aikin haɗa magunguna a wani asibiti. Bayan shekara biyu ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya, ta zo ta zauna da mu a unguwar Ƙuba. Kafin ta iso bakina ya riga ya rabu uku: Larabci a titi, Turanci a makarantar da Baba ya sa ni, Hausa kuwa sai in za a yi mini faɗa.

Iya ba ta yarda da shayin gas ba. Da an idar da magariba sai ta hau saman bene da ɗan murhunta na gawayi, ta ɗora buta, ta ƙwala mini kira da sunan tsokanar da ta sa mini, wai maigidanta. Tana da ƙa'ida guda. Gutsure-gutsure take ba da tatsuniya, kuma ba ta ɗorawa sai ka maimaita mata na jiya da Hausa. In Larabci ya suɓuce mini, sai ta miƙo dabino ta ce in wanke baki in sake.

Ta ƙarshe da ta fara mini ta wata yarinya ce da za ta ƙetare kogi cin kasuwa. Wani kada ya yarda zai goya ta, da sharaɗin ranar dawowa sai ta rera masa waƙar da uwarta ke yi in tana daka. Yarinya ta ƙetare, gari ya yi mata daɗi, ta koyi waƙoƙinsu har shekara bakwai. Ran da ta dawo bakin ruwa ta hango hayaƙin gidansu, kada ya ɗago kai, ta buɗe baki. A nan Iya ta sauke buta ta ce sai gobe.

Washegari aka ba ni kyautar karatun Turanci a makaranta. Na hau bene kaina ya kumbura. Da ta ce in maimaita, sai na zuba mata labarin kaf da Turanci, har da kwaikwayon muryar malamarmu. Ta saurara tsaf, sannan ta miƙo dabino. Na ƙi karɓa.

"Khalas ya Iya, ya isa haka, ai ba a jarrabawa da Hausa."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta mayar da dabinon cikin kwano ta ce, "To, maigida. Kada ba ya gaggawa. Ran da ka shirya, ka hawo."

Taurin kai a gidanmu gado ne. Na zauna jiran ta sauko daga ƙa'idarta, ita tana jiran in hau bene. Wata huɗu ina gaban talabijin, ƙamshin gawayinta yana biyo matakala yana iske ni. Kafin azumi ciwo ya kwantar da ita, muka kai ta Baƙi'a, inda ta daɗe tana roƙon Allah ya sa a binne ta.

Daga baya na tambayi Baba ƙarshen labarin, ya ce bai taɓa jin sa ba. Gwaggonnina na Kano ma haka. Ashe domina ta ƙirƙiro shi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu ni nake ba 'yata tatsuniyar, da Hausata mai ɗingishi. Duk ran da muka iso bakin ruwan, sai ta tambaye ni da Turanci ko yarinyar ta tuna waƙar. Ni ma sai in ce mata sai gobe.