Baƙin Salatif a Fuskar Fiyanona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin shan koko da safen nan aka bugo mini waya cewa Sabi'u mai fiyano ya rasu. Na ce wane Sabi'un? Aka ce, "Naka, na Zaitawa."

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ban ma san yana kwance ba.

Wanda ya ce "naka" ya san abin da yake nufi. Wurin oga ɗaya muka koyi kiɗa ni da Sabi'u, kuma ni na riga shi zuwa, amma shi ya fara iyawa. Tun daga nan nake kishinsa. Ban taɓa ɓoyewa ba, shi ma ya sani, har tsokanata yake yi da shi.

Ni sai in wuni ina neman sauti ɗaya. Shi ko zai shigo yana cin gyaɗa, ya ɗora hannun hagu kawai, sai ka ga mawaƙi ya lumshe ido. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Da muka buɗe situdiyo, nawa a Ƙofar Nassarawa, nasa a unguwarsu, mawaƙa suka riƙa zamewa wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Balarabe mai waƙar biki ne kaɗai ya tsaya mini. In ya tafi, rufe shago zan yi, ba wata magana.

Don in sha gaban Sabi'u na sayo bod biyu na ƙarin sauti, irin waɗanda ake kwance bayan fiyano a soka a ciki. Ɗaya kalangu da ganguna, ɗaya algaita da sarewa. Ni na saka da hannuna, ban gaya wa kowa ba.

To kun san halinmu makaɗa. Kowa ɓoye lambar sautinsa yake, kar wani ya leƙo ya kwafa. Wani hankici yake yarfawa a kan sikirin. Ni da na fi kowa wayo sai na manne rabin nawa da baƙin salatif, tun ma kafin in kunna.

Ina kunnawa masifa ta fara. Duk madannin da na taɓa, murya biyu ke fita. In zaɓi fiyano, algaita na bin sa a baya. In zaɓi bes mai kaurin murya, tana nan. Ko kalangu na buga sai ta yi mini tsiii a ƙarƙashi, kamar sauro a kunne.

Na cire bod na hure na mayar. Na canza wayoyi. Na zargi sifika, na zargi janareta. Da abin ya ishe ni har na fara cewa sa mini hannu aka yi, kuma kun san wanda zuciyata ta kawo mini.

Ga bikin da Balarabe ya karɓa yana matsowa. Ya ce, "Habu, ka yi haƙuri, amarya ba za ta jira algaitarka ba." Ya ɗauki ɗan abin da muka naɗa a waya ya nufi Zaitawa. Ina kallon bayansa na ce shi ke nan, an ƙwace na ƙarshen.

Bayan la'asar sai ga shi da Sabi'u tare a babur ɗaya.

Sabi'u ya yi sallama yana dariya. "Mutumina, an ce aljani ya shiga fiyanonka. Matsa in gaishe shi."

Ya danna sau biyu, ya saurara, ya dubi salatif ɗin, ya dube ni. Sai ya sa farce ya ɓare shi. Ashe abin yana nan ƙuru-ƙuru a wurin da na rufe: leya mai haɗa sauti biyu a kunne take, sashi biyu suna aiki tare, na biyun ya ɗauko sautin farko na sabon bod ya ɗora a kan komai. Ya kashe sashin. Fiyano ya fito tas.

Ya ce, "Habu, ka ɓoye wa mutane har ka ɓoye wa kanka. Ni fa nawa a buɗe yake, wa ya sace ni?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi ci mini rai yana gaba. Ya sake kunna algaitar da ta hana ni sakat, ya rage mata murya, ya tura ta can madannan sama kaɗai, ya buga amshin waƙar Balarabe. Tsikar jikina ta tashi. Da matsalata ya yi kiɗan da ban taɓa yin irinsa ba, a kan fiyanona, a gabana.

Ya adana saitin ya miƙe. Balarabe ya ce ko su koma can su ƙarasa? Sabi'u ya ce, "A'a, aikin Habu ne. Ni gaisuwa na zo." Ya liƙa mini salatif ɗin a aljihun riga ya hau babur.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Waƙar ta fita, ta karɓu, Balarabe bai bar ni ba. Amma duk wanda ya ji sai ya ce, "Sabi'u ya leƙo shagonka ke nan?" Ko wannan ban tsira da shi ba.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Wannan ya ce shi ya gyara masa fiyano, wancan ya ce shi ya koya masa saiti bai ɓoye komai ba. A da, yatsunsa nake wa kishi. Yau shaidar da ake yi masa nake wa kishi, kuma wannan ta fi zafi.

Na shigo shago na kunna saitinsa. Na gwada amshin nan, bai fito kamar nasa ba, na san kuma ba zai fito ba.

Sikirin ɗina a buɗe yake yanzu. Duk makaɗin da ke son saitin algaitar Sabi'u ya zo ya kwafa, sharaɗin kawai ya yi masa addu'a kafin ya fita.

Allah Ya jiƙanka Sabi'u, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya ba ni ko rabin shaidarsa in tawa ta zo.