Kurɓin Farko na Shayin Kaka

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar ɗari, shekarar da nake aji huɗu, Mushe, malaminmu, ya ajiye alli saboda tarinmu ya hana a ji muryarsa. Ajinmu na zana ne, muna zaune bisa tabarmi, rabinmu na jan majina. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana taɓa goshi, ya ware waɗanda jikinsu ya yi zafi, har da ni. Ya ce girip ce, mu koma gida mu kwanta, kowa ya ware moɗarsa, mu wanke hannu da sabulu, kuma kada mu kusanci tsofaffi da jarirai. Na fito ina murna, wallahi murna, don na tsira daga lissafi.

Ban san Hausar girip ba. Da na shiga gida Inna na surfe, Baba na gyaran igiyar wasaki, gugar rijiyarmu, suka tambayi abin da ya maido ni, sai na ce Mushe ya ce muna da mura. Baba ya yi dariya har ya saki igiyar. "Mura? Yanzu don mura aka koro ɗiyan mutane daga lakwal? Mura ai wankin kai ce." Kunya ta rufe ni. Sauran saƙon, na moɗa da sabulu da tsofaffi, na haɗiye shi tare da majinata.

Haka muka tashi a ƙauyenmu na gabashin Barmu. Randa ɗaya ce a gindin bedi, wato dogon yaro, moɗa ɗaya a bakinta, da ita baƙo ke sha, da ita mai tari ke sha. Mu jawo ruwa, mu kai awaki bakin gari, mu tsinto kara, da marece mu yi gaɗa hannu cikin hannu, wadda hanci ya dame ta ta share da haɓar zane ta koma fili. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙazanta, zumunci ne.

Amma aikin da na fi so shi ne shayin Kaka, mahaifin Baba. Bukkarsa na bayan rumbu, kullum bayan la'asar ni ke kai masa gawayi in yi fifita. Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In shayi ya yi kumfa, ba ya kai kofi baki sai na fara kurɓa. "Ɗanɗana, uwargida," yake cewa, "in da guba ciki, ke za ki riga ni tahiya." Ran nan kaina kamar zai tsage, amma na je. Ya taɓa wuyana ya ce wane ƙato ne ya sa mini zazzaɓin so. Na yi dariya, na yi tari, na kurɓa, na miƙa masa. Ya shanye. Kofi uku muka yi haka.

Kwana huɗu na miƙe garau. Shi kuma ya kwanta. Aka turara masa tazargade, aka dama kunu da citta, kowa ya leƙa ya fito ya ce mura ce, tsufa ne ya ƙara mata nauyi. Ina jin ƙirjinsa daga ƙofar bukka yana kuka kamar zugazugi. Sai da ya kasa zama ya yi salla aka ɗora shi bisa amalanke zuwa likita. Can aka ce ciwon ya sauka huhu, aka tambayi Baba me ya sa sai yanzu. Ana neman motar da za ta kai shi babban asibitin Tawa rai ya yi halinsa.

Masu gaisuwa suka cika gida suna cewa kwana ya ƙare. Na yarda, wa ya isa ya ja da wannan? Amma ni kaɗai a gidan nan na san abin da Mushe ya ce, na kuma san wanda ya fara sa baki a kofin. Shekarata tara. Na ji haushin kaina, na ji haushin dariyar Baba, har yau ban san wanda ya fi ba.

Na girma, na yi aure a Tawa. Sai ranar da na raka Inna allurar masu tafiya Makka na ji ma'aikaciyar ta ce ɗaya ta girip ce, duk shekara ake sabunta ta, tsofaffi ta fi amfana. Na ce tun yaushe ake da ita? Ta ce ai an daɗe. Na fita waje na zauna bisa dakali.

Yanzu Baba ne tsohon, a gidana yake, kuma ko yana faɗa sai na kai shi an yi masa allurar kafin sanyi ya shigo. Kowa da kofinsa a gidan, dangi na ce mini anasara, su faɗa. Kwanan baya ɗiyata ta dawo daga lakwal tana tari, na tarar Baba ya miƙa mata shayi yana kiranta uwargida. Na fizge kofin har ya zube. Ya dube ni ya ce, "Haba, mura ce hwa."

Na je na wanke kofin.