Matar da Allo Ke Yi wa Rawa

Mai gyaran kwamfuta bai san sunanta ba, amma ta ƙi fita daga ransa. Ga ta nan zaune a bencin shagonsa, doguwa, siririya, tana kare fuska da gefen mayafi kamar mai tsoron walƙiya. Idanunta sun yi jajir.

"Malam, allon kwamfutar nan tawa rawa yake yi," in ji ta. "Likita ya ce lafiyata ƙalau. 'Ya'yana kuwa gani suke na fara zautuwa."

Shi dai ba ya ganin komai. Amma ya san akwai ƙananan ɗige-ɗige a jikin allon masu ƙyaftawa a ɓoye don launi ya cika, kuma wasu idanun ba sa jure su. Sai ya sa mata manhajar da ke tsayar da su.

Ta matso a hankali, ta buɗe wani hoto: dattijo ne yana dariya a bakin ƙofa. Mijinta ne, ko mahaifinta? Bai tambaya ba. Ta ƙura masa ido, hawaye na bin kumatunta.

"Har yanzu da zafi, Hajiya?"

"A'a," ta ce. "Tun da ya rasu, sai yau ya tsaya na gan shi."