Alkawarin Gwiwa

Shekara goma sha tara ina sayar da ruwan kwakwa a ƙofar haikalinmu na kan tudu, kuma duk shekarun nan maƙwabciyata ɗaya ce, Yaya Lamduan mai ɗaura zani. Ban ce ina jin daɗin zama da ita ba. Mace ce 'yar firit, ga saurin fushi, ga kunnen hagu da ya mutu tun tana budurwa.

Aikinta gwiwa. Ba a shiga gaban Babban Buda, ƙaton mutum-mutumin da ake bauta wa a haikalin, da gwiwa a waje, kowa ya sani, ban da mutanen jirgi. Duk Talata da Juma'a ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido yakan tsaya can nesa da gaɓa, ƙananan jirage su yi ta kwaso mutane, bas-bas su hauro da su, su sauko mana jajur, kowa da gajeren wando. Yaya tana kan 'yar kujera a bakin ƙofa da kwandon zannuwa. Ta fizgo mutum, ta naɗa, ta ƙulle, ta ɗan make shi a ƙugu, sai na gaba. Ba ta kallon fuska. Ta taɓa ɗaura wa ƙanin mijinta zani da ya zo karɓar makullin gida. Ta taɓa naɗe ƙafafun abin ɗora kyamarar wani Bature, har tana yi musu faɗan rama.

Da can neman abinci ne kawai. Abin ya canza ranar da 'yarta tilo, Wipa, ta samu aikin wanki a irin waɗannan jiragen. Masu neman biyan buƙata a wurin Babban Buda sukan yi alkawarin dafaffen ƙwai ɗari, ko kan alade, ko su ɗauko 'yan rawa. Yaya, da yake marowaciya ce, sai ta yi alkawarin abin da take da shi a banza: muddin 'yarta tana kan ruwa, ranar jirgi ba za ta tashi daga ƙofar nan ba, kuma kowace gwiwa da hannunta za ta rufe. Shi kuma ya riƙe mata jirgin kada ya nutse. Shekara bakwai ke nan jirgi bai nutse ba, ita ma ba ta tashi ba. Ranar jirgi ko ruwa ba ta sha, don kada fitsari ya matse ta.

Wipa kuwa shekara bakwai ba ta leƙo gida ba, kullum sai baɗi. Kwatsam ta bugo waya, wai an canza wa jirginsu hanya, ranar Juma'a zai tsaya a tsibirinmu, an ba ta izinin awa biyu.

Magana ɗaya Yaya take so ta faɗa mata, cewa ta dawo gida haka nan. Idonta ya fara hazo, gidan ya yi mata girma. Amma wannan matar ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba, sai ta mai da ni abin gwaji. Mako guda tana juyowa ta ce min, "Wipa, ki dawo gida," ni kuma in ce, "To, Inna," ita kuma ta harare ni ta ce ban iya ba.

Na ce mata, "Yaya, ranar ki bar min kwandon, in ɗaura miki."

"Da hannuna na ce. Kina so ki nutsar min da 'ya?"

Tsohon malamin haikali da kansa ya sauko, yana jan mayafinsa, ya ce mata Babban Buda ba ɗan sanda ba ne, ba zai kama ta don awa biyu ba. Ta durƙusa, ta haɗa tafukanta, ta ce cikin ladabi, "Baba Malam, ka taɓa haihuwa?" Ya juya ya koma sama.

Ranar Juma'a bas goma sha ɗaya suka hauro. Layi ya miƙe har ya wuce rumfata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata mata ta sauko daga babur ɗin haya, ta yi ƙiba, ta yanke gashi, da gajeren wando. Ta tafi kai tsaye ta tsaya kusa da kujera ta ce, "Inna." Ta ɓangaren mataccen kunnen ta tsaya. Yaya ba ta ɗago ba, ta ture ta da gwiwar hannu, ta ce, "Matsa, kin tare hanya. Layi."

Wipa ta zo wurina. Na rungume ta ina kuka, na ce bari in je in yi wa tsohuwar ihu a kunne mai rai. Ta ce, "Ƙyale ta, Goggo Chaluai. Ko kin yi, ba za ta tsayar da hannunta ba. Na san inda take sauraron mutum." Ta je ta shiga layi.

Da ta iso gaba, Yaya ta warware zani, ta kai hannu, sai ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Waɗannan gwiwoyin nawa ne." Na ce a raina, to, bismillar magana ta zo. Sai na ji ta ce, "Haka kike yawo a duniya? Wando ya ƙare a jirgin naku?" Ta naɗa, ta ƙulle, ta make ta, na gaba.

Wipa ta shiga, ta gai da Babban Buda, ta fita ta ƙofar baya, ta ajiye zani, ta zagayo ta sake shiga layi. Zagaye ɗaya minti ashirin, maganarsu rabin minti. A zagaye na biyu Yaya ta cusa mata ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi a haɓar zani, ta ce ta ci a bayan haikali. A na uku ta lissafa mata mutanen da suka mutu a unguwa, har da karen maƙwabta.

Nan bala'in ya faɗo. Wasu tsofaffin Turawa sun lura da mace tana ta zagaye, suka tambayi ɗan jagoransu mai riƙe da tuta. Shi kuma, maƙaryacin banza, maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce tsohuwar al'adarmu ce, wai duk wanda aka ɗaura wa zani sau bakwai zai yi tsawon rai. Kafin ka ce me, mutanen bas uku sun tuɓe zannuwa sun koma layi suna murna. Na zage shi tas, ya yi min murmushi, ya ce musu addu'a nake yi. Ban taɓa jin ina so in fasa wa mutum kai da kwakwa kamar ranar ba.

Zagaye na huɗu ya ci minti hamsin. Da Wipa ta iso gaba, mai babur yana ta danna mata oda. Na bar rumfa, na tsuguna ta kunnen dama, na ce, "Yaya, wannan ne na ƙarshe. Ki faɗa, don girman uwarki."

Ta zaɓo zani daga ƙasan kwando. Ta naɗa a hankali, ta gyara gefe, ta sake gyarawa. Bakinta ya buɗe. Ta ce, "Wipa." Wipa ta ce, "Na'am, Inna." Na bayanta suka fara guna-guni. Yaya ta ce, "Ki riƙa shafa mai a gwiwar nan, ta yi kaushi." Ta sake ta, ba ta make ta ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da bas na ƙarshe ya gangara, jirgi ya yi kukan tashi, na je na tsaya a kanta na ce, "Mako guda kina wahalar da ni, a kan mai za ki ƙare?"

Tana ninke zannuwa, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ban ƙulle shi ba. Da gangan na bar shi sako-sako, ya kwance mata a matakalar hawa haikali, ta dawo in sake ɗaurawa. A nan zan faɗa."

Ni na ga abin da ya faru a matakalar, ita idonta ba ya kaiwa can. Zanin ya kwance a mataki na biyar. Wipa ta cafe shi, ta tsaya, ta waiwayo ta daɗe tana kallon bayan uwarta, sannan ta ƙulle abinta da kanta ta haye sama.

Yaya ta ce, "Bai kwance ba, ko?"

Na ce, "Bai kwance ba, Yaya."